Darasi: Jiki Magayi, Aiki da Zaman Gida da Lafiyar Manya a Ƙasar Kurfai

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Filinge, ku tsaya a bakin hanya ku saurari gaisuwar mutane. Ga dattijo ya sauko daga amalanke yana dafe da ƙugu, ga mace ta sauke damin itace, wuyanta ya sage. "Ina kwana?" "Lahiya lau." "Ina gajiya?" "Babu gajiya." "Ina aiki?" "Aiki da godiya." Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Haka gaisuwa take, kuma godiya ga Allah wajibi ce. Amma in ka samu inuwa ka zauna da dattijon nan, kuka sha fura, hira ta yi nisa, ka ce masa, "Baba, tsakani da Allah, yaya jikin?", wata amsa dabam za ka ji. Zai yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ɗana, jikin nan ya ƙi. Tun shuka ban yi barcin kirki ba."

Wannan amsa ta biyu ita ce darasinmu na yau. Za mu duba abin da ke sa babban mutum ya ji jikinsa garau ko ya ji shi a mace, mu bi sawun abin har gona da bakin rijiya da madafa da hanyar biɗa, domin a can ake ƙulla yawancin abin da daga baya ake kai wa likita ya kwance.

Tambaya guda mai amsa biyar

Masu binciken lafiyar jama'a suna da wata tambaya da suke yi wa manya a ƙasashe da yawa. Ba ta bukatar allura, ba ta bukatar na'ura. Cewa suke yi: in ka dubi jikinka gaba ɗaya, yaya kake jin lafiyarka? Sai mutum ya zaɓi ɗaya cikin biyar: garau, da kyau, da dama-dama, ba daɗi, ko abin ya yi tsanani.

Wanda ya ji tambayar zai iya raina ta. To amma a 1982 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a lardin Manitoba na ƙasar Kanada, inda aka yi wa tsofaffi wannan tambaya, aka kuma bi labarinsu shekaru. Waɗanda suka ce ba sa jin daɗin jikinsu sun fi saurin rasuwa a kan waɗanda suka ce garau suke, ko da takardun likita sun nuna ciwonsu iri ɗaya ne. A 1997 wasu masana biyu, Ellen Idler da Yael Benyamini, suka tattara bincike 27 daga ƙasashe dabam-dabam, suka tarar mafi yawansu abu ɗaya suke faɗa. Ajali a hannun Allah yake, wannan babu mai musu. Abin da binciken ya nuna shi ne, maganar da mutum ya yi a kan jikinsa shaida ce mai nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubo masa. Shi ya san numfashinsa na yankewa in ya hau tudun da bara yake hawa a guje, shi ya san tuwo ya daina yi masa daɗi, shi ya san sau nawa yake farkawa cikin dare yana lissafin bashi. Duk waɗannan yake haɗawa wuri ɗaya in ya ce "jikin ya ƙi".

Sai dai akwai wani tarko. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, ya ja hankali a kansa a 2002. A jihar Kerala, inda kusan kowa ya iya karatu, asibiti kuma yana kusa, mutane sun fi na sauran jihohin Indiya tsawon rai, amma su ne suka fi cewa ba su da lafiya. A jihar Bihar, inda talauci ya yi katutu, ake mutuwa da wuri, mutane kaɗan ne ke cewa suna ciwo. Inda wahala ta zama ruwan dare, sai a daina kiranta ciwo. Wannan magana kamar da mu aka yi ta. A wajenmu ciwon da bai kwantar da mutum ba ba a lissafa shi. Matar da kowace maƙwabciyarta ke fama da ciwon baya za ta ɗauka haka zaman mace yake. Magidanci kuwa kunya ce gare shi ya ce ya gaji a gaban 'ya'yansa. Don haka in mutumin Kurfai ya buɗe baki ya ce ba ya jin daɗin jikinsa, ku sani abin ya daɗe yana cinsa.

Watan da rumbu ya ƙare

Filinge tana kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a cikin kwarin Dallol Boso. Ruwan samanmu na wata uku ne zuwa huɗu, matsakaicinsa bai kai milimita 500 a shekara ba, kuma a cikin waɗannan watanni ake neman hatsi da waken da gida zai ci shekara. Ku lura da yadda abubuwa uku suke haɗuwa a lokaci ɗaya. Daga noman fari zuwa maimai, aiki ya kai maƙura, ana fita da asuba da hauya. A daidai lokacin ne hatsin bara ke ƙarewa a rumbu, tiya ta yi tsada a kasuwa, fura ta koma tsararo. A daidai lokacin kuma sauro ke yawa, masassara ta shiga gida-gida daga Agusta har Oktoba. Jikin da ya fi bukatar abinci shi ne ba ya samu, kuma shi sauro ke cizo. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya likitoci sun yi shekaru da yawa suna auna nauyin manoma, suka ga manya suna ramewa kowace damina, sai bayan kaka su mayar da jiki. Duk wanda ya taɓa ɗaura zani ko ya ja mazagin wando a watan Agusta ya san wannan ba tare da sikeli ba.

Yanzu mu ɗauki magidanta biyu a gari ɗaya, shekarunsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya. Na farko yana da sauran dami a rumbu. In rana ta take, sai ya jingine hauya ya shiga inuwar gawo. In masassara ta kama shi, ya kwanta kwana biyu, 'ya'yansa ko 'yan gayya su riƙe masa gona. Na biyu rumbunsa ya ƙare tun bazara. Dole ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiyar da za a daka yau, gonarsa kuwa ciyawa na cinta yana gani. Ba shi ke cewa a tashi ba, ba shi ke cewa a huta ba. In ya kwanta, gidansa ya kwana da yunwa. Ya ci bashin hatsi lokacin tsada, zai biya da kaka lokacin araha, wato zai ba da fiye da abin da ya karɓa, baɗi kuma rumbunsa ya riga na bana ƙarewa. Dukansu biyu noma suka yi, gumi ɗaya suka zubar. Ku tambaye su yaya jiki bayan girbi, za ku ji amsa biyu.

Bambancin da ke tsakaninsu masana sun daɗe da gano shi, a wurin da babu hauya ko ɗaya. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a birnin Landan, binciken da ake kira Whitehall, wanda sunan Michael Marmot ya shahara da shi. Dukansu masu albashi ne, dukansu suna da asibiti kyauta. Duk da haka masinjoji da masu tsaron ƙofa suna mutuwa kusan ninki uku na manyan shugabannin ofis, kuma abin hawa-hawa ne: kowane mataki ya fi na ƙasa da shi lafiya. Taba da ƙiba da hawan jini sun bayyana wani sashe na bambancin, suka bar sashe babba. Da aka sake binciken daga 1985 da mutum fiye da 10,000, maza da mata, sai aka ga rashin iko a kan aiki yana tafiya tare da ciwon zuciya. Tun 1979 wani Ba'amurke, Robert Karasek, ya bayyana cewa aikin da ya fi cin mutum shi ne wanda nauyinsa ya yi yawa, mai yinsa kuma ba shi da ta cewa. A 1996 Johannes Siegrist, a Jamus, ya ƙara da irin aiki na biyu mai cin mutum: wahala mai yawa, sakamako kaɗan, ko na kuɗi ne, ko na mutunci, ko na tabbacin gobe.

Kakanninmu sun san wannan a jikinsu. A zamanin mulkin Faransa ana kwasar majiya ƙarfi aikin tilas, ana karɓar haraji ko an girbe ko ba a girbe ba. A wajen 1925, a yankin Shikal, aka yi boren da masana tarihi ke kira Hauka ko Babule, mutane suka juya wa masu mulki baya. A 1931 fari da fara suka jawo yunwar da ta kashe jama'a masu yawa a yammacin Nijar. Sai a 1946 aka soke aikin tilas. Bulala ta tafi, amma yunwa da bashi suna iya tilasta mutum kamar yadda dogari ke yi, kuma mun gani a 1973 da 1984 da 2005.

Aikin da ba a kira shi aiki

In aka tambayi magidanci sana'ar matarsa, sau da yawa sai ya ce, "Ba ta aikin komai, tana gida." Mu lissafa wannan "komai" tare, da alƙalami.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 20 kilo 20 ke nan. Matar da ta yi sawu biyar zuwa rijiya ta ɗauki kilo 100 a ka ko a ƙugu, daidai da babban buhun hatsi, kuma gobe ma haka, jibi ma haka. A cikin kwarin dallol ruwa yana kusa, amma a garuruwan tudu rijiya na da zurfi, kafin a ɗauka sai an ja guga har tafin hannu ya yi kanta. Daga nan sussuka, sheƙa, surfe, daka, tankaɗe, kowane da taɓarya ko a sunkuye. Itace kuwa kullum ƙara nisa yake. In ta dawo ta hura wuta, hayaƙi ya cika mata ido da ƙirji, yaron da ke goye yana shaƙa tare da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 kowace shekara a duniya, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar jiki. Tarin da tsohuwa ke yi da asuba, wanda muke cewa na tsufa ne, sau da yawa hayaƙin shekara arba'in ne.

Duk wannan aiki ana yinsa ne da ciki ko da goyo. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, na 2021 ya nuna 6.2. A binciken 2012 ɗin, kashi 76 cikin 100 na 'yan mata an yi musu aure kafin shekara 18, kuma kusan rabin matan da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Mai ƙarancin jini ba ta kwance, tana tsaye tana daka. Jiri ne kawai ke ɗibarta in ta miƙe, zuciyarta na bugawa in ta ɗauki tulu. In ta yi jinkiri a ce ta cika son jiki. Ni a ganina babu zaluncin da ya fi wannan ɓoyuwa a gidajenmu, domin masu yinsa ba mugaye ba ne, ba su dai taɓa lissafawa ba.

Sannan ga abin da muka gani a wajen ɗan ƙwadago, ya sake dawowa a nan. In maigida ya tafi biɗa, nauyin gida duka ya koma kanta: yara, tsofaffi, bisashe, wani lokaci har gona. Amma ikon yanke shawara bai koma kanta ba. Rumbu ba ita ke buɗewa ba. In jikinta ya yi zafi, sai ta jira a samu maigida a waya, ko suruki ya ba da izini, ko kuɗi su iso. Nauyi mai yawa, ta cewa kaɗan: abin da Karasek ya bayyana ke nan, a tsakar gidan Kurfai.

Shi ya sa abin da mace ta mallaka da hannunta yake shiga lissafin lafiya. Wadda ke da akuya biyu, ko take yin cuku kamar matan wajen Tukunus, inda tashar kiwon shanun Azawak take, ko take da fegi a lambunan Bonkuku da suka yi suna da dankalin Turawa, in ciwo ya zo tana da abin da za ta sayar ba tare da ta roƙi kowa ba. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, suka bazu a ƙasar nan har suka ƙetara zuwa wasu ƙasashe, amfaninsu bai tsaya ga kuɗin da ke cikin akwati ba. Mace tana fita sau ɗaya a mako, ta zauna da 'yan uwanta, a ji muryarta, in ta kwana biyu ba a gan ta ba a aiko a duba. Wanda ake tambaya in ya ɓace ya fi wanda ba a tambaya jin ƙarfin jiki.

Hanyar biɗa

Tun zamanin Turawa samarin yammacin Nijar ke gangarawa Kumasi da Akara bayan girbi. Daga baya aka ƙara da Abijan, Lome, Kwatano, Legas, sannan Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya irin su Komabangu da Jado. Kuɗin biɗa sun rufa wa gidaje da yawa asiri, sun sayi hatsi a shekarun fari, sun yi aure, sun rufa ɗaki da kwano. Ba wanda zai ce a daina. Amma mu faɗi abin da jiki ke biya.

Ɗan biɗa dako yake yi, ko ga-ruwa, ko gadi, ko yawon talla da kaya a ka. Yana kwana a bakin shago ko ɗaki ɗaya da mutum goma. Yana rage cikinsa don ya ƙara abin aikawa. Ba shi da ranar hutu, domin ranar da bai fita ba babu ko dala. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasi cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016, kuma yana ƙara hatsarin shanyewar jiki da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100, in aka gwada da mai awa 35 zuwa 40. Mai gadin da ke kwana a ƙofa dare bakwai, awa goma sha biyu kowane dare, awa 84 yake yi. Mai haƙar zinariya kuma ƙurar dutse yake shaƙa a rami, tana taruwa a huhu ba ta fita, tana kuma share wa tarin fuka hanya.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta sa awa 40 a mako, ta ba mace mai aiki hutun haihuwa na mako 14. Daga 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma jaka 42 a wata. Asusun CNSS yana ɗaukar nauyin ma'aikacin da aka yi wa rajista in ya ji rauni a bakin aiki. Duk wanda ke aikin albashi a cikinku, ko a kanti ne ko wajen gini, ya kamata ya san waɗannan, ya kuma tambaya ko an yi masa rajista. Amma manomi da makiyayi da mai daka da ɗan biɗa, wato kusan dukan mutanen Kurfai, wannan rumfa ba ta kai kansu ba. A ƙasar wani kuwa abin ya fi muni, domin ko zaman ma ba shi da tabbas: a 1969 Gana ta kori baƙi, a 1983 Najeriya ta yi haka, mutane suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka.

A nan ne ƙwaya ke samun ƙofa. Saurayin da jikinsa ya ce ya isa, aiki kuma bai ƙare ba, sai abokinsa ya miƙo masa tramol. Ƙwayar ba ta cire gajiya, bakin jiki take toshewa don kada ya faɗa. Bayan wata kaɗan guda ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu, daga nan sai faɗuwa kamar mai farfaɗiya, in babu ita kuma jiki ya ƙi tashi. Kafin mu zagi yaron nan, mu tambayi awa nawa yake aiki, nawa ake biyansa, mutum nawa ke jiran aikensa a gida. Da yawa kunyar dawowa hannu Rabbana ce ke hana su dawowa ko da ciwo ya ci ƙarfinsu. Iyaye, in ɗanku ya kira, kafin ku tambayi abin da ya tara, ku tambaye shi inda yake kwana da abin da ya ci.

Ga kuma wani nauyi da ya sauko mana a shekarun nan. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Abala da Banibangu da wasu gundumomin jihar Tilaberi, a farkon 2020 kuma aka hana hawan babur a yankuna da dama. Gonakin nesa sun zama abin tsoro, kasuwanni sun ragu, 'yan kabu-kabu sun rasa sana'a, mai naƙuda ta rasa abin hawa, baƙin da suka baro garuruwansu sun sauka a gidajen da su ma ba su ƙoshi ba. Wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, jikinsa ba ya hutawa ko da yana kwance. Ciwon kai, faɗuwar gaba, saurin fushi, rashin cin abinci, duk suna iya fitowa daga nan. Ba raunin imani ba ne, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa wa likita.

A ƙofar gidan likita

Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki, ta ɗauke na fiɗar haihuwa, a 2024 kuma aka rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati da rabi. Wannan sauƙi ne na gaske. Sai dai babban mutum yana lissafin abin da ba ya cikin takardar asibiti: kuɗin mota zuwa Filinge, yinin aikin da zai rasa, wanda zai tsare masa bisashe. Shi ya sa ake farawa da mai tallan ƙwayoyi a kasuwa, sai abu ya ƙi a ɗauko amalanke.

In an isa kuma, harshe yakan bambanta. Mara lafiya ya ce zahi ne, ko sanyi ne ya kama shi, ma'aikacin lafiya kuma babu waɗannan sunaye a littafinsa. Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa, waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, sun yi nazari mai zurfi a kan irin waɗannan sunaye na cututtuka da yadda rashin fahimta ke shiga tsakanin jama'a da ma'aikatan lafiya. Dabara a nan ita ce, kada ka tsaya ga sunan. Faɗi inda ke ciwo, tun yaushe, me ke tayar da shi, sannan ka faɗi aikinka. "Rami nake shiga." "Sawu shida nake yi rijiya." "Maganin ƙwari nake fesawa a lambu ba takunkumi." Wannan magana tana iya nuna wa likita hanya fiye da awo.

Jiki magayi ne, amma akwai abin da yake ɓoyewa. Hawan jini yana iya shekaru a jikin mutum yana jin kansa garau, sai ranar da ɓarin jiki ya mutu. Don haka duk wanda ya kai shekara arba'in ya riƙa miƙa hannu a auna shi ko da ba ya jin komai. Akwai kuma alamun da ba a yi musu haƙuri ko kwana ɗaya bayan an gane su: tarin da ya wuce mako biyu, wanda in na fuka ne maganinsa kyauta ne; zubar jini ga mai ciki, ko kumburin fuska da ƙafa tare da ciwon kai; karkacewar baki ko mutuwar hannu farat ɗaya; ramar da ba a san dalilinta ba.

Abin da ke hannunmu

Ruwan sama ba a hannunmu yake ba, tsaron iyaka ma haka. Rijiyar burtsatse da hanya da ma'aikacin lafiya a kusa haƙƙi ne da za mu ci gaba da nema wajen hukuma, da baki ɗaya, a rubuce, tunda yanzu muna koyon rubutu. Amma akwai abin da ba ya jiran kowa. Amalanken da ke kai taki gona zai iya ɗauko jarka takwas a sawu ɗaya, ya sauke wa mace aikin yini. Kuɗin niƙa a inji bai kai kuɗin maganin ciwon baya ba. Murhun laka mai rage itace, a waje inda iska ke wucewa, yana rage hayaƙi da tafiyar daji gaba ɗaya. Rumbun tsimi na gari, in an riƙe amana, yana hana magidanci barin gonarsa a watan Agusta. Gayyar da ake yi wa mara lafiya ita ce inshorar da kakanninmu suka bar mana, kuma garin da ya bar ta ta mutu ya yi asara babba. Maigidan da zai tafi biɗa ya tara iyayensa da matarsa ya faɗa a gabansu: in ciwo ya zo, ta tafi likita ba sai an neme ni ba, ga abin da za a sayar. Wannan magana ba ta cin ko dala.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowannenku ya samu manya uku: namiji ɗaya, mace ɗaya, da wanda ya taɓa zuwa biɗa. Ku gaisa yadda aka saba, ku bar "lahiya lau" ta wuce. Sannan ku yi tambayar nan mai amsa biyar, ku rubuta amsar. Ku bi ta da tambaya uku: wane aiki ka yi jiya daga asuba zuwa kwanciya, wa ke cewa ka huta, wa zai riƙe maka in ka kwanta ciwo? Mata su tambayi mata, in hakan ya fi sauƙi. Kada ku rubuta sunan kowa, kada kuma ku kai maganar wani dandali, amana ce aka ba ku. A layi na huɗu ku rubuta taku amsar, ku zo da takardar mu karanta tare a aji.